Baba Kamil Mai Busa

"Dakata, Ghali, bari ya gama," in ji Baba Kamil, yana riƙe da ƙofa.

Na riga na tayar da mota a ƙasa don in kai shi asibiti. Tari ya hana shi sallar la'asar a tsaye, amma ya ƙi fita sai kiɗan da ke tashi daga faifai a ɗakinsa ya kai ƙarshe. Shekara shida muna maƙwabtaka a wani tsohon bene a unguwar Al-Jaradiya ta birnin Riyad, kullum wannan kiɗan nake ji ta bango: ganguna kowacce da hanyarta, ga wani abin busa yana ihu kamar an taka shi. Jaz yake kiransa. Ni hayaniya na ɗauke shi.

Baƙar fatar Amurka ne, ya musulunta tun yana saurayi, ya zo Riyad koyar da Turanci, ya tsufa a nan ba mata ba ɗa. Da Larabcin kasuwa muke hira.

"Ka san mai busar nan?" ya tambaye ni.

"A'a, Baba."

"Ni ne. A lokacin ina da shekara ashirin da uku."

Na zauna a bakin gado. Ya ce su biyar ne, a ƙarƙashin wani shago a Shikago suke busawa, sai sun yi alwala suke farawa. Saura duk sun rasu.

"Kai kana da Hausa, Ghali. Ka san sunan kakan kakanka. Mu an raba mu da harshe, an raba mu da suna. Da muka tashi roƙon Allah, ba mu da bakin iyayenmu, sai muka sa ƙarfe a baki." Ya yi tari mai tsawo. "Da na zo nan aka ce mini haramun ne, na sayar da saksofon ɗin, abin busar nan. Har yau ban sani ba, zunubi na bari ko addu'a."

Na ce, "Allah ya san zuciya, Baba."

Muka saurara har busar ta sauko, ta koma kamar numfashin mai barci. Sannan ya miƙo mini hannu, muka sauka a hankali.

Kwana huɗu ya yi a asibiti. Ranar Laraba da hantsi ya cika. Ma'aikacin da ke cike takarda ya duba iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ya dube ni.

"Ina danginsa?"

"Mu ne," na ce.

"Wannan Ba'amurke ne."

"Na sani. Mu ne."

Mako guda na yi ina zirga-zirga tsakanin makarantarsu da ofishin jakadanci kafin a ba mu gawar. Saidou, magini ɗan Maraɗi da ke hawa na ƙasa, shi ya taya ni wanka. Ya kuma sanar a wurin aikinsu. Bayan azahar sai ga mutum kusan talatin, 'yan Zinder da Kano da Maraɗi, yawancinsu ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Da aka rufe kabarin kowa ya nufi mota, don aiki na jira. Saidou ya tsaya. Ya zaro gorar ruwan da yake zuwa aiki da ita, ya tsuguna, ya yayyafa a kan ƙasar, yana daddaɓewa da tafin hannunsa mai kaushin siminti.