Mai Zif da Mai Raga

Shagon askin kujera biyu ne, dogon madubi ɗaya, da waya guda a kan kanta kusa da kwandon tawul. Wa da ƙani ne ke riƙe da shi, kuma tun suna yara ba su taɓa yin baki ɗaya a kan komai ba. Idan Yaya ya ce gashin mutum ya yi tsawo, Auta zai ce kan ne ya ƙanƙance.

A shekara guda ciwon zuciya ya kama su su biyun. Yaya ya fara. Yana tsaka da gyara wa wani direba gemu ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Likitoci suka ce jijiyoyi uku sun toshe, suka tsaga ƙirjin, suka ciro jijiya daga ƙafarsa suka yi wa jinin sabuwar hanya. Bai gama warkewa ba Auta ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo. Shi jijiya ɗaya ce. Ta wuyan hannu aka zura masa 'yar ragar ƙarfe ta buɗe wurin da ya toshe, ya dawo gida da filasta kamar wanda sauro ya ciza.

"Ko ciwo sai ka kwaikwaye ni," in ji Yaya. "Kuma kwaikwayon ma rabi da rabi."

Saboda ɗinkin da ya sauko tsakiyar ƙirjinsa, masu zuwa aski suka laƙaba wa Yaya Mai Zif, Auta kuwa Mai Raga. Yaya ya koma barin maɓallan rigarsa na sama a buɗe, don kowa ya ga wanda ya sha wuya ta gaske.

Sai wata ma'aikaciyar asibiti ta fara bugo waya lokaci-lokaci. Aikinta shi ne bibiyar waɗanda aka yi wa aikin zuciya, a ga yadda suke ƙarewa, don likitoci su san wane aiki ya fi dacewa da wane mara lafiya. Ta yi bayanin nan dalla-dalla, baiwar Allah. Amma abin da ya shiga kunnen Yaya ɗaya ne: ana gasa tsakanin zif da raga, kuma ga alƙaliya.

"Baba, yaya ƙirjin? Kana haki idan ka hau bene?" ta tambaya.

"Haki? 'Yata, benen ne ke haki in na hau shi."

Auta ya fizge wayar. "Rubuta, jiya ni kaɗai na sauke firji daga mota."

Da ta sake bugowa, Yaya ya ce ya tura babbar mota da ta mutu a kan gada. Auta ya ce shi ma ya tura, amma tasa da shanu a ciki. Yaya ya ce zuciyarsa ta yi ƙarfin da in ya kwanta gado ke motsi, har matarsa ta koma falo. Auta ya ce shi ragarsa tana kama tashar rediyo da asuba. Masu aski suka rabu gida biyu: 'yan zif ba sa zama kujerar raga ko da za su wuni a layi. Wani malamin makaranta da ya yi ƙoƙarin zama ɗan ba-ruwana ya fita da rabin kai a aske, don kowa ya ce ɗayan ya ƙarasa.

Akwai wata 'yar farar ƙwaya da aka ba Auta. Likita ya ja masa kunne a gaban Yaya, ya ce ita ke hana jini daskarewa a kan ragar, kuma in ya daina sha kafin a ce ya daina, ragar na iya toshewa farat ɗaya. Kullum da hantsi Auta yakan buɗe durowarsa, ya jefa ɗaya a baki, ya kora da ruwa. Wata rana Yaya ya tsaya yana kallonsa ta madubi, ga shago cike da mutane.

"Ashe da taimako ake wasan," ya ce. "Ragar da sai an ba ta ƙwaya kullum ai ba raga ba ce, lallami ne. Ni kun taɓa ganin na sha wani abu?"

Ba su taɓa gani ba kuwa, don a banɗaki yake shan nasa. Ƙwayoyi kala huɗu, a cikin tsohon gwangwanin hoda a bayan tankin ruwa, kuma bai taɓa tsallake ko ɗaya ba, saboda Yaya mutum ne mai tsoron mutuwa ƙwarai. Baki ne kawai da shi.

'Yan zif suka yi shewa. Auta ya dubi kwalbar ƙwayar da ke hannunsa, ya dubi yayansa, ya mayar da ita durowa ya rufe.

Yaya ya lura ba a ƙara buɗe durowar da hantsi ba. Abin ya dame shi, ya dame shi sosai. Sau da dama yakan shirya maganar a bakinsa, sai wani ya shigo aski, ko Auta ya yi masa wani kallon banza, sai ya ce gobe. Ya ɗauka ƙanen nasa ma yana da nasa gwangwanin a wani lungu. Ai kowa a kwaikwayo ya san shi.

Wannan karon bai kwaikwaya ba. Ranar wata Talata yana share gashi a ƙasa ya jingina tsintsiya da bango, ya zauna a kujerarsa, ya ce, "Yaya, zo ka ga wani abu." Kafin motar asibiti ta iso ya cika.

Bayan an binne shi, an gama karɓar gaisuwa, Yaya ya buɗe shago. 'Yan zif suka zo suka zauna tsuru-tsuru, ba wanda ya iya cewa an ci gasa. Ba wanda ya taɓa kujerar Auta. Da yamma, shago ya watse, waya ta yi ƙara.

"Baba Mai Zif, yaya ƙirjin?" Har ita ta koyi sunan.

"Lafiya lau," ya ce. Bai tura ko keke ba.

"Madalla. Ba ni ƙanenka."

Kalma biyu kawai zai faɗa, zif ya yi nasara har abada. Yaya ya ajiye wayar a kan kanta, ya zagaya, ya zauna a kujerar Auta, ya ɗauka. Ya matse murya ta hanci yadda yake yi tun suna yara in yana so ya tsokane shi.

"Ga ni, 'yata. Rubuta, jirgin ƙasa na ja jiya."

Ta yi dariya. "Kai Baba Mai Raga! Da fasinja ko babu?"

"Maƙil. Har da masu tsayuwa."

"Rediyon fa?"

"Yanzu har tashoshin waje take kamawa. Wancan mai zif ɗin baƙin ciki kamar ya kashe shi."

Yana magana yana kallon madubi, kuma daɗi yake ji, daɗi na gaske, don muddin tana dariya akwai wuri ɗaya a duniya da Auta ke nan da ransa yana ƙarya.

"To, farar ƙwayar nan fa? Kana sha kullum?"

Ya jawo durowa. Kwalbar tana nan tsakanin mataji da reza. Ya ɗauko, ya kai bakin wayar, ya girgiza. "Kin ji ta nan."

Ƙarar ba ta fito sosai ba, don babu wurin da ƙwayoyin za su motsa. Ma'aikaciyar kuwa ba baƙuwa ba ce a aikin. Ta daɗe tana jin ana girgiza mata kwalabe a waya.

"Baba," ta ce a hankali, "wannan kwalbar ai a cike take."

Ya buɗe baki ya nemi muryar Auta, ya matse hanci, ya sake gwadawa. Ba ta zo ba. Tasa ce ta fito, tsohuwa.

"A cike take, 'yata. Ya rasu." Ya sa maɓallin rigarsa na sama da hannu ɗaya, ya rufe ɗinkin. "In za ki rubuta, ki rubuta ragar ba ta yi laifin komai ba. Tana aikinta. Ni na hana ta."