Kunamar Fateh Sher

Ni dai tun farko na ce kar a taɓa kunamar bindigar nan. Na faɗa a shago, na maimaita a gona, har rantsuwa na yi, amma wa ya isa ya gaya wa Lala Fateh Sher magana ta shiga? Yayan matata ne. Ni Inayat, da nake gyaran bindigar iska da keken ɗinki da risho a kasuwar Bhalwal, da furfurata da komai, a wurinsa har gobe ni ne yaron nan da ya zo neman auren Sughran da takalmin aro.

Tun yana saurayi yake gadin gonar gwaiba da ke bakin babbar magudanar ruwa. Bukkarsa a tsakiyar gonar take, a cikinta matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika. Aikinsa shi ne hana aku da hankaki ɓarna. Ihu da dukan gwangwani kowa ya iya, sai dai tsuntsu ba ya daɗewa yake raina su. Abin da suke tsoro shi ne su ga ɗan'uwansu a rataye a kan gora, kai a ƙasa, fukafukai a baje. Kuma sai sabo, don in ya bushe har sauka suke yi a kansa su huta. Shi ya sa ɗan kwangilar da ya sayi gwaiba tun tana fure, in ya shigo gona, gorar yake fara dubawa kafin ya dubi bishiya.

Gorar Lala ba ta taɓa zama haka nan ba sai bana. Da bazara injin yanka ciyawa ya cinye masa yatsan manuni na hannun dama, yana taya wani maƙwabci yanka wa ɓaunar da yake kiwo abinci. Ciwon ya warke, harbi kuwa ya tafi. Malik Rab Nawaz, wanda ya karɓi kwangilar gonar, ya zo ya ga gora fayau, ya ga gwaiba a ƙasa duk an ɓantare ta. Bai yi faɗa ba, irinsu ba sa faɗa. Cewa ya yi akwai wasu mutane daga Jhang, miji da mata da 'ya'ya majiya ƙarfi, suna da ragar kama tsuntsu, suna kuma neman bukka. In gwaiba ta fara nuna gorar tana nan yadda take, to, sai dai bukkar ta koma hannunsu, don shi ma amana ce a hannunsa.

Da Sughran ta ji, kuka ta kama yi a bakin murhu. Ni kuma da saurin bakina na ce mene ne abin kuka, ga ɗaki a gidanmu, ya dawo wurinmu mana. Wani kallo ta yi min kamar na zagi ubanta. Ita ma da gaskiyarta. Kowa ya san abin da ake cewa a ƙasarmu, ɗan'uwa a gidan 'yar'uwarsa kare ne. Tun da na auri Sughran, Lala bai taɓa shan ko ruwa a gidana ba. Ranar Sallah zai zo mata da yadi da kwandon gwaiba, ya ɗosana a bakin gadon igiya, a kawo shayi ya ce yanzu ya sha, ya tashi ya tafi. Bukkar nan ita kaɗai ta hana shi zama abin nuni.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo shagona da bindigar a naɗe cikin mayafinsa. Ya dangwarar da ita a kan tebur ya ce ta lalace, in duba.

Lafiyarta ƙalau. Ƙirar Sargodha ce, irin wadda ake karya hancinta a ɗana, sifirin ɗinta kuwa ni na sa shi da hannuna. Kunamarta ce mai tauri, kamar yadda duk 'yan'uwanta suke, sai ka ja ka ja kamar mai jan jaki zuwa ruwa, ba ta gaya maka lokacin da za ta saki. Da yana da manuni ya san halinta. Yanzu da na tsakiya yake ja, kuma kafin ya samu ƙarfin jan sai ya damƙe bindigar gam. Ita kuwa bindigar sifirin ba ta son matsi. Tana zabura gaba da baya kafin dalmar harsashi ta fita, in ka bar ta ta yi abinta kullum wuri ɗaya take jefawa, in ka matse ta sai ta jefa inda ta ga dama. Na yi masa wannan bayani, ya ce yana harbi tun ban san wanke hancina ba.

Na ce to mu fita bayan shago. Na kafa murfin kwalba a jikin katanga. Ya harba da tasa, dalma ta tafi can ƙasa ta dama, ya sake, ta kusa samun kazar mai walda. Na ɗauko masa wata 'yar Sin da nake da ita, wadda ake ɗanawa da hannun da ke ƙarƙashin bututu. Kunamarta ta fi sauƙi, amma doguwa ce kuma kamar an zuba yashi a ciki, ga nauyi, ga sifirin ragon banza. Ya harba, ya yi tsaki, ya ce wannan ko kurciya ta harba sai ta juyo ta tambayi wa ya taɓa ta.

Akwai wata ta uku a shagon, ba tawa ba. Ta Hawaldar Dilawar ce, tsohon soja, ya kawo in canza mata fatar da ke matse iska. Ƙirar Jamus, ya gada daga mahaifinsa. Ban so ɗauko ta ba, amma idon Lala ya riga ya faɗa a kanta. Kunamarta hawa biyu ce: ka ja, ta tafi a sake ba nauyi, sai ta tsaya kamar ta jingina da bango, tana jiranka. Daga nan abin da ya rage bai fi numfashi ba. Ya ɗora ta a tafin hannun hagu, bai matse ba don ba dalilin matsewa, yatsan tsakiya ya taɓa, murfin kwalba ya yi tsalle. Na kafa wani, ya sake ɗauke shi. Wallahi sai da na ga fuskarsa ta koma ta da.

"Ka gani ko, Mistri?" in ji shi, don haka yake kirana, wato mai gyara. "Ashe ba ni na mutu ba."

Na ce na gani, amma mai abu da abinsa. Ya daɗe yana shafa ƙotarta kafin ya miƙo min. Sannan ya nuna tasa ya ce in sa magagari in goge kunamar ta yi laushi kamar waccan.

Nan muka yi ta. Na kwance ta na nuna masa. A irin tasa, ɗan haƙori guda ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba, shi ke riƙe duk ƙarfin sifirin, shi ne kuma kunamar. Taurinsa shi ne amincinsa. Ta Jamus ƙarafa ne da yawa suke raba nauyin a tsakaninsu, shi ya sa take da laushi kuma ba ta kuɓuce ba. In aka goge haƙorin nan, wata rana zai saki da kansa hancin yana karye, hancin kuma ya dawo da ƙarfin da zai iya tsinke ƙashi. Abin da ya fi tayar min da hankali, na lura da yadda yake ɗura dalma yanzu. Ƙa'ida ita ce hannun hagu ba ya sakin hancin sai an rufe. Shi kuwa tun da ya rasa yatsa dalmar na zame masa, sai ya maƙale ƙotar a hammata, ya saki hancin, ya sa hannu biyu yana cusawa.

Ya ce ni matsoraci ne, gara in tsaya ga keken ɗinkin mata. Na ce na ji, matsoracin dai ba zai goge ba. Ya naɗe abarsa ya fita ko sallama babu.

Washegari na tafi wurin Hawaldar da bindigarsa a gyare, na roƙe shi aron ta zuwa ƙarshen kakar gwaiba. Ya ja hukkarsa, wato tukunyar tabarsa, ya busa hayaƙi, ya ce bindiga da doki ba a ba da aronsu, amma zai yi tunani. Na koma, yana tunani. Na sake komawa, ya ba ni labarin yaƙi har shayi ya huce, yana nan yana tunani. Na so in shaƙe tsohon nan, Allah ya gani.

Ana cikin haka na leƙa gona, sai na hango hankaka a kan gora, sabo fil. Lala yana zaune a gindin bishiya yana murmushi. Ashe wurin maƙerin ƙauye ya kai bindigar, wanda ke wasa lauje, shi kuma ya goge masa haƙorin ba tambaya. Na karɓi bindigar, na ɗana, na rufe, na juya hancinta sama, na ɗan buga ƙotar a ƙasa. Tau! Ta tashi ba wanda ya taɓa kunama. Na ce masa ya dubi Allah ya ajiye ta, ya ba ni 'yan kwanaki. Ya ce gwaiba ta fara yin rawaya, aku ba su san 'yan kwanaki ba. Wai Malik ya zo jiya, ya ga hankakan, ya ce madalla, amma hankaka ɗaya ba ya tsare gona. Na ce to aƙalla kar ya saki hancin in yana ɗura dalma. Ya ce to, irin to ɗin da ake yi wa yaro don ya yi shiru.

Abin da na kasa, Sughran ce ta yi shi. Ta dafa ganyen mastad da man shanu, ta ɗauka har wurin matar Hawaldar, suka ƙule a ɗaki. Ban san abin da suka faɗa ba. Da safe sai ga Hawaldar da kansa a ƙofar shago, fuska a murtuke, ya ajiye bindigar ya ce in ta dawo da ko ƙwarzane ɗaya zan san shi soja ne.

Na rufe shago, na ɗaure ta a bayan keke, na kama hanya cikin hazo ina ta murna kamar wawa. Tun daga bakin magudana na ji gonar ta cika da kukan aku, ba ihu, ba gwangwani. Na ƙara wa keken sauri. Na same shi zaune a ƙofar bukka, ya naɗe hannun dama da rawaninsa, rawanin ya rine da jini. Bindigar tana ƙasa, ƙotarta ta tsage, hancin ya lanƙwashe sama. Haƙorin ne ya saki yana ɗura dalma, hancin ya datse masa yatsu. Ban ce masa na gaya maka ba, ko da yake maganar ta zo min har maƙogwaro.

A asibitin gari suka cire na tsakiyan. Babban yatsan sun bar shi, amma likita ya ce ado ne kawai, ba zai ƙara lanƙwasuwa ba.

Ranar da na mayar da shi gona, mun tarar da keken jaki a ƙofar bukkar, mutanen Jhang suna sauke gadaje da tukwane. Malik yana tsaye, ya yi masa sannu sosai, ya ce ba gaggawa, ya kwashe kayansa a nutse, har ya sa aka ɗebo masa gwaiba a buhu. Gwaibar da ya yi rayuwarsa yana tsarewa aka ba shi sadaka. Kayan nasa ma nawa ne? Gado, bargo, akwatin ƙarfen matarsa, da akuya.

Bindigar Hawaldar tana cikin bukkar inda na jingine ta ranar da na kai shi asibiti. Ya ce in ɗana masa. Na ɗana, na sa dalma, na miƙa masa. Ya ɗora ta a tafin hagu, ya nufi wani aku da ke kan reshe yana cin gwaiba hankali kwance. Yatsun biyu da suka rage suka yi ta lalube, ba wanda ya kai kunamar sai ya saki ƙotar, in ya saki kuma ta zame daga kafaɗa. Ya gwada, ya sake gwadawa. Akun ya gama cin abinsa ya tashi.

"Mayar wa mai ita," ya ce. "Ka ce na gode."

Na ɗora akwatin a keke, shi yana jan akuya, muka taho a ƙasa. Ya zaɓi hanyar bayan gari, wadda ta fi nisa, ban tambaye shi dalili ba. Da muka iso ƙofar gidana ya tsaya ya daɗe yana gyara igiyar akuya wadda ba abin da ya same ta.

Sughran ta share ɗaki, ta shimfiɗa sabon zane. Ta kawo gurasa mai zafi da miyar wake ta ajiye a gabansa. Na jira in ji ya ce yanzu ya ci. Bai ce ba. Ya miƙa hannun da ke naɗe, ya danna gurasar, ta ƙi yaguwa. Ya dubi hagunsa, ya mayar da shi kan cinya. Sughran ta durƙusa ta yago loma, ta tsoma a miya, ta kai bakinsa, hawaye na zuba a kan hannunta. Ni kaina na rasa inda zan sa idona.

Kafin ya buɗe baki ya juyo ya dube ni.

"Mistri," ya ce a hankali, "tura ƙofar nan, kar maƙwabta su gani."