Kada a Tayar da Janareta

Sakataren sabuwar majalisar ba da shawara kan cinikin lantarki tsakanin ƙasashe ya zo ofishin Hajiya mai masana'antar roba, yana roƙonta ta zama mamba. Yana tsaka da bayanin yadda za a ƙara sayar wa maƙwabta wuta, sai aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak.

Manajanta ya miƙe zai tayar da janareta, Hajiya ta ce, "Koma ka zauna!"

Zufa ta jiƙa wa sakatare kwat sharkaf. Ya ce, "Ranki ya daɗe, zafin nan fa..."

Ta ce, "Ci gaba mana, Malam. Zan shiga majalisarku, amma a ɗakin nan za mu riƙa zama, ba janareta. Duk mai son sayar da wutarmu ya fara ɗanɗana rashinta."