Jan Ƙwallon Dakta Halima

Ɗalha taubashina ne, masunci a Wurogauri, ni kuma tela ne a Gwandu. Tun muna yara nake ce masa kwaɗo, shi kuma ya ce da ni mai tsoron kwalbatin ƙofar gida. Amma ranar da matarsa Kubura ta kira ni tana kuka, wasa ya tsaya. Wata huɗu ke nan da kwalekwalensa ya kife a tsakiyar gulbi. Ya fid da mutum uku, na huɗun, amininsa Sadiƙ, bai fito ba. Tun daga ranar, in Ɗalha ya hango ruwa sai jikinsa ya ɗauki ɓari, gumi ya jiƙa masa riga. Ga shinkafarsa can ƙetare ta kusa nuna, ita ce abincin gidan na shekara, kuma ba mai kai shi sai kwalekwale.

An yi rubutu, an yi addu'a, an gode Allah ya samu barci. Ruwan ne dai har yanzu ba ya iya kallo. Na ɗauko shi a babur, yana ta ƙunƙuni, na kai shi wani ƙaramin asibiti a Kalgo, wurin Dakta Halima Sadiya, likitar ƙwaƙwalwa.

Ta saurare shi tsaf, sannan ta ce ya cire hula. Ta shafa masa wani mai a ka, ta manna wayoyi uku.

"Wanga abu wuta za shi sa min a kai?" in ji Ɗalha.

"A'a, Baba. Ba ya sa komi, saurare kawai yake yi. Ƙwaƙwalwa tana da motsinta, shi yake ɗauka. Ka ga jan ƙwallon nan a allon kwamfuta? In hankalinka ya kwanta zai tashi sama. In ya tashi, ƙwallon ya faɗi. A hankali ƙwaƙwalwarka za ta koyi hanyar da kanta."

To, nan Ɗalha ya tafka kuskurensa. Mutum ne da ya saba komai da ƙarfin dantse. Ya dafe gwiwoyi, ya cije haƙora, ya zuba wa ƙwallon ido yana nishi kamar mai tura kwalekwale daga laka. Ƙwallo ya kwanta ƙasa abinsa. Zuwa huɗu muka yi, Litinin da Alhamis, haka. Dakta ta ce ya saki jiki, sai ya saki jikin ma da ƙarfi. Wallahi raina ya ɓaci, don ina kallon mutumin da nake ƙauna yana karaya a gabana.

A zuwa na biyar ya fizge hularsa ya ce shi ya gama. Bakina bai iya shiru ba.

"Kai dai an yi asarar masunci," na ce. "Haka kaka yi da fatsa? In ka jefa, sai ka shiga ruwa ka tura kihin bisa ƙugiya?"

Ya harare ni. "Jahili! Ai fatsa ba a tura ta. Zama aka yi, ka sa ido ga totuwa, ka bar ta ta yi abinta."

Dakta ta ajiye biro. "Baba, mece ce totuwar?"

Ya bayyana mata, cikin jin kai irin na gwani, cewa ɗan guntun cikin kara ne da ake ɗaurawa a zare, yana yawo a kan ruwa har kifi ya taɓa.

"To, ƙwallon nan totuwarka ce. Zauna ka jira."

Ya zauna, ya ɗora hannu a cinya yadda yake riƙe sandar fatsa. Kafaɗunsa suka sauka. Numfashinsa ya yi tsawo. Jan ƙwallon nan ya motsa, ya ɗaga, ya ci gaba da hawa. Na yi kabbara da ƙarfi, ƙwallo ya faɗo, Dakta ta kore ni waje.

Mako biyar suka ƙara. Ba injin kaɗai ba, sun yi ta magana a kan Sadiƙ, har ranar da na jiyo kukansa ta taga. Daga baya ta sa shi zuwa bakin gulbi kullum da hantsi: farko ya tsaya nesa, sannan ya tsoma ƙafa, sannan ya zauna cikin kwalekwalen yana ɗaure.

Ranar yankan shinkafa ya ce ni zan raka shi. Ni da ban iya iyo ba! Na shiga dai, na ƙanƙame katako. Da muka kai daidai inda abin ya faru, sai ya daina tuƙi. Gumi ya keto masa. Ya ɗora filafili a cinya, ya sa ido a kan ruwa, ya jira. Can ya yi wa Sadiƙ addu'a a fili, ya shafa, ya sake tsoma filafilin.

Muna isa gaci Kubura da matan da suka riga mu ƙetarewa suka ɓarke da guɗa. Ni dai hawayen farin ciki nake. Ɗalha ya ɗauki laujensa, ya dubi yatsuna da suka ƙi sakin katako.

"Sauko, tela," ya ce. "Ran Litinin ni za ni kai ka wurin Dakta."