Kafar Hammata

"Wallahi ba zan gwada ba," in ji matar tela. "Wannan kala? Sai ka ce buhun gawayi!"

Mai wanki, maƙwabciyarsu, tana bakin gado tana zura wa tsohon telan zare a allura, don idonsa ya ƙi. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi take leƙowa kullum. A cinyarsa jaket ce irin wadda ya yi suna da ita: saƙi mai kauri a waje, auduga a tsakiya, shafi mai laushi daga ciki, duk ya bi su da ɗinkin hannu layi-layi don kada audugar ta dunƙule. Saura kafa ɗaya a hammata. A ƙa'idarsa ba ya rufe ta sai mai riga ya sa, ya ɗaga hannu, an ga inda za a ƙara auduga ko a rage.

"Ke fa kike min gori," ya ce, numfashi na sarƙe masa, "wai na suturta duk gari na bar ki da sanyi. To ga ta."

"Sai gobe. Hannuna da kitse."

Mai wanki ta bi matar zuwa madafa, ranta a ɓace.

"Haba Yaya! Mutum yana wannan hali? Me zai ragu a jikinki?"

Matar ta ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta bushe.

"Ba ki san shi ba. Bai taɓa tafiya ko'ina ya bar aiki a buɗe ba. In na gwada, zai rufe."

Jikin mai wanki ya yi sanyi.

Wayon bai yi ba. Da hantsi telan ya cika, allura soke a wuyan rigarsa.

Bayan an watse, mai wanki ta shigo ɗaukar kwanukanta, ta tarar da matar zaune bakin gadon sanye da jaket ɗin. Ta zauna mata cif. Auduga na leƙe ta hammata.

"Kawo in rufe miki, Yaya."

"Bar shi. Bai ce ta yi ba."

Ta sa yatsa ta tura audugar ciki, ta matse hannunta a kai.