Zakarana da Kwaɗon Tsaki

Zakara ɗaya gare ni. Sajan nake ce masa. Tun da na gama sakandare nake zaune a gidan kakata, Hajja Kaka, a nan Kazaure, kuma ban da shi babu wani abu a gidan da zan nuna in ce nawa ne.

Ranar wata Laraba bayan la'asar, Kawu Dunoma, wan mahaifiyata, ya faka babur a ƙofar gida. Daga Babura yake, inda yake sayar da hatsi. Shekara guda rabonsa da mu.

Bayan gaisuwa Hajja Kaka ta kira ni gefe.

"Maigida, wasa wuƙa. Kawunka ba zai kwana ba nama ba."

"Wace kazar?"

"Kaji nawa ka gani a gidan?"

Mace ba ta yanka. Baƙo kuma ba a miƙa masa wuƙa ya yanka abin da zai ci. Ni kaɗai na rage. Na zagaya bayan ɗaki, na ɗauki Sajan, na cilla shi ta kan katanga.

"Ya tsallake," na ce mata.

"Zai dawo. Magariba ba ta taɓa riskarsa a waje ba."

Gaskiyarta. Na dubi rana. Da kyar in sami awa guda.

Akwai ragowar tsakin masara da aka turara da rana. Na dafa busasshen zogale, na matse shi. Na daka ƙuli-ƙuli mai yawa da yaji. Albasa, tumatir, gishiri, man gyaɗa, rabin lemon tsami. Na cakuɗe a babban kwano.

Hajja Kaka na kan tabarma tana kallona.

"Yaron da ko ruwan shayi ba ya ɗorawa. Yau aljanu ne suka hau?"

"Baƙo na jin yunwa, tsohuwa."

Na kai wa Kawu zaure, da ruwan randa cike da kofi.

"Ɗan taɓa kafin nama, Kawu."

Ya taɓa. Ya sake taɓawa. Yaji ya kama shi, ya sha ruwa, na ƙaro. Tsaki da ƙuli-ƙuli in suka haɗu da ruwa a ciki, sun san aikinsu. Ana kiran sallah ya suɗe yatsu, ya jingina da bango. Daidai nan Sajan ya shigo ta zauren, yana taku kamar gidan ubansa.

"Hajja!" Kawu ya ɗaga murya. "Kada a yanka komai. Wallahi ko tsoka ɗaya ba ta da wurin zama."

Na sunkuyar da kai don kada a ga bakina.

Da safe Kawu ya fito da babur. Hajja Kaka ta biyo shi, Sajan a hammatarta.

"Kazar baƙo ta baƙo ce," ta ce. "Ba ka ci a nan ba, ka ci a Babura." Ta miƙo mini tsumma. "Kashim, ɗaure masa ƙafa. Kai ne mai ƙarfin hannu."

Na ɗaure. Na rataya shi a bayan babur, gefen buhun Kawu. Kawu ya ba ni hannu, ya ce kwaɗon ya fi na matarsa amma kada in faɗa.

Kafin azahar muka ji cara a kan katanga. Sajan ne, tsumman na reto a ƙafa ɗaya.

Hajja Kaka ta daɗe tana dubansa.

"Wane irin ɗauri ka yi?"

"Zarge."

"Ja'iri." Ta turo mini turmi da ƙafa. "To, tunda ka iya kwaɗo, daga yau tuwon dare ya huta. Yajin ka rage."

Sati uku ke nan ina daka ƙuli-ƙuli. Sajan na tsince abin da ya zube.