Itacen Ƙarshen Layin Inna

A gonar shayi ba a barin itace ya wuce ƙugun mutum. Da ya ɗaga kai sai a yi masa aski, don hannu ya riƙa kaiwa ga sabon toho. Amma akwai guda a ƙarshen layin da Inna take tsinka, wanda ya yi shekara da shekaru ba wanda ya taɓa shi. A gindinsa ta faɗi da kwandonta a baya, ganye cike da hannunta, ba ta sake tashi ba. Masu tsinkar ganye kuwa, waɗanda bakinsu ya fi hannunsu sauri, suka ce tun ranar ganyensa ya yi ɗaci, suka riƙa kewaye shi.

Auta, 'yar marigayiyar, ita ta gaji layin. Kullum da safe, kafin hazo ya yaye daga kan tudu, takan hango itacen tsaye, tsawonsa daidai na Inna, ya ɗan karkata hagu yadda nauyin kwando ya karkatar da ita. Tana tsoronsa ƙwarai, har takan ba shi baya in tana tsinka. Duk da haka in ta zo kusa sai ta ji bakinta ya ce, "Ina kwana, Inna."

Sabon manaja ya zo zagaye, ya ga itacen, ya ce a sare shi ya daidaita da 'yan'uwansa, yana tare wa na kusa rana. Mazan gonar suka yi ta noƙewa, wannan ciwon baya, wancan addarsa ta dakushe. Manaja ya ce to mai layi ta yi da kanta, ko kuwa a ba wata layin.

Auta ta karɓi adda. Da ta kama reshe, raɓa ta zubo mata a wuya, sanyi kamar hannun da ya fito daga ruwa.

"Ki yafe mini," ta ce a hankali.

Ta ɗaga adda ta shiga sara. Rassan suka zube, ganyensu ya tsufa ya yi kauri, ko shayi ba zai yi ba.

Washegari ta hau tudu tana addu'ar kada ta ga komai. Hazo ya yaye, layi ya miƙe sumul har ƙarshe, babu kowa. Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata, kukan da ya ƙi zuwa ranar jana'iza. A wurinta, yau ne Inna ta rasu.